Tabon Bangon Ɗakin Umma

Warin sabon fenti ne ya tarbe su tun daga bakin ƙofa. Auta ta ajiye jakar Baba a baranda, tana sane da cewa abin da mahaifinta zai furta cikin 'yan mintunan nan shi ne zai yanke hukuncin shekara biyun da ta yi tana jira.

Shekara biyu ke nan Mai Fenti yana neman aurenta, shekara biyu kuma Baba yana kawar da kai. Baba tsohon magatakardan kotu ne, mutum mai farar riga da gogaggen takalmi, wanda ya yi imani cewa namijin da ba shi da takardar shaidar karatu bai kai a ba shi 'ya ba, balle 'yar da ta yi karatu har ta zama malamar zane a makarantar sakandare. Ya sha faɗa cewa ba zai yi mata dole ba. Ita ma ta sha faɗa wa kanta cewa ba za ta shiga gidan kowa ba tare da albarkarsa ba. A tsakanin waɗannan alkawura biyu aka bar ta tsaye.

Gwaggo kuwa, ƙanwar Baba da ta dawo gidan da zama bayan rasuwar Umma, tuni ta tsayar da nata gwanin. Mai Kemis ne, mutum mai mota da turare da tsabtataccen farce, wanda ba ya zuwa gaisuwa sai da maganin ciwon gwiwa a aljihu. Mai Fenti kuma ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai ɗan buroshi.

Sai a makon jiya Baba ya sassauta. Za su yi tafiyar kwana uku shi da Auta don duba yayansa da ba shi da lafiya, ya ce a bai wa yaron falo da baranda ya yi musu fenti kafin su dawo. Ya ce shi bai iya karanta zuciya ba, amma ya yi shekara talatin yana duba aikin mutane, kuma idan ya ga aikin hannu yakan gane mai gaskiya daga mai ha'inci.

Yanzu ga shi ya sa tabarau yana zagaya falon a hankali. Ya duba kusurwoyi, ya duba gefen makunnin fitila, ya durƙusa ya dubi daɓen ko zai ga ɗigo guda. Bai gani ba. Ya miƙe ya cire tabarau.

"Ba laifi," in ji shi.

Wanda ya san Baba ya san wannan kalma lambar yabo ce. Auta ta sunkuyar da kai tana yi wa Allah godiya a ranta. A daidai lokacin ne Gwaggo ta fito daga kicin tana goge hannu, fuskarta ɗauke da wani murmushi da Auta ba ta yarda da shi ba.

"Ai bai tsaya nan ba, Yaya. Yaron akwai ƙwazo. Ku leƙa ɗakin marigayiya ku sha kallo."

Ɗakin Umma shi ne na ƙarshen baranda, kuma shekara huɗu ke nan ba a kwana a cikinsa. Bangonsa shunayya ne, irin shunayyar da ba a sayar da ita a kowane shago, domin Umma ce ta haɗa ta da hannunta. Lokacin da suka tare a gidan ba su sami komai ba sai rabin gwangwanin jan fenti da rabin na shuɗi da magina suka bari. Baba yana son fari. Umma ta jira ya tafi ofis, ta zuba su a bahon wanki, ta ƙara ɗan fari, ta juya da karyayyen sandan tsintsiya. Da ya dawo ya ce ɗakin ya yi kama da idon wanda aka nausa, ya yi mako guda yana fushi. Umma takan ba da labarin tana dariya har da hawaye, Baba kuma yakan ɓoye fuska a bayan jarida.

A wannan bango Auta ta fara sanin cewa launi biyu masu gaba da juna suna iya haɗuwa su haifi na uku. A jikinsa kuma, kusa da taga, daidai tsayin kan mutumin da ke zaune a kan sallaya, akwai wani tabo mai duhu, faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba. Nan Umma take jingina kanta bayan kowace salla tana jan carbi, Auta na kwance a cinyarta. Shekara ashirin da biyar man gashinta yana shiga bangon. A jinyarta ta ƙarshe, da numfashi ya hana ta kwanciya, a nan ta jingina har rai ya yi halinsa.

Baba ya tura ƙofar.

Launin bai canza ba ko kaɗan. Shunayyar Umma ce sak, sai dai sabuwa fil, mai santsi daga sama har ƙasa, babu ɓawo, babu tsaga. Kusa da taga kuma babu komai.

Auta ta tsaya tana kallon wurin, idonta na neman abin da ta san babu shi. Da Baba ya yi magana, muryarsa ta kotu ce, wadda babu zafi babu sanyi a cikinta. Ya tambayi wanda ya ba da makulli. Gwaggo ta ce yaron ne ya roƙa, ita kuma me ta sani, ta ɗauka da izini ya zo. Ya juya ga Auta ya tambaye ta ko ita ta sa shi. Ta ce a'a. Ya tambaye ta ko ita ta ba shi labarin ɗakin. Ta ce e.

"Shekara huɗu ban bar ko tsumma ya taɓa wurin nan ba," in ji Baba. "Shi kuma ya shafe mahaifiyarki cikin kwana uku. Kada in ƙara jin maganarsa a gidan nan."

Kafin ya fita ya shaida wa Gwaggo cewa iyayen Mai Kemis, da suka daɗe suna neman a sa musu rana, suna iya zuwa Juma'ar sama. Ya ce har yanzu ba zai yi wa kowa dole ba, amma zai saurare su. Ya ja ƙofar ɗakinsa, bai fito cin abincin rana ba.

Washegari, kafin ta wuce makaranta, Auta ta biya ta shagon Mai Fenti. Ɗan ƙaramin shago ne da gwangwanaye suka cika har rufi, ga tsani jingine a bakin ƙofa, ga buroshi iri-iri a jiƙe cikin bokiti. A nan suka fara haɗuwa, ranar da ta zo neman fenti don ajin zanenta suka yi musu a kan yawan jan da ya kamata a sa wa shuɗi, har mai shagon kusa ya leƙo ya tambaya ko a kira musu alƙali.

Yana ganinta fuskarsa ta washe. Bai ma bari ta amsa gaisuwa ba ya jawo wani allon katako daga bayan kanta ya ɗaga mata. Shafe-shafen shunayya ne a jere, goma sha tara, kowanne da lambarsa. Ya ce falo da baranda kwana ɗaya suka ɗauke shi, sauran kwana biyun a kan wannan launi ya ƙarar da su, yana haɗawa yana jira ya bushe yana gwadawa da ɓawon da ya ɓamɓaro daga bangon. Na goma sha tara ne ya yi daidai.

"Ya Baba ya ce, Malama? Na san ba zai yaba a gaban mutane ba, amma ya ce wani abu?"

"Wa ya aike ka?"

Murmushin ya tsaya a fuskarsa kamar fentin da bai bushe ba.

"Na ce wa ya aike ka ɗakin mahaifiyata? An ce maka falo da baranda. Ko ba ka jin magana sai an rubuta maka a gwangwani?"

Ya ajiye allon a hankali. Ya ce ya ga bangon yana ɓarewa, damshi ya ci shi ta ƙasa, nan da shekara ɗaya launin ma zai tafi. Ya ce sau nawa ta zauna a kan bencin nan tana ba shi labarin bahon wanki da sandan tsintsiya, tana cewa babu wanda zai iya sake haɗa wannan launi. Ya so ne ya mayar mata da shi sabo.

"Da tabon da ke kusa da taga fa?"

"Wannan dattin? Ai shi ya fi ba ni wahala."

Ba ta san lokacin da ta daki kantar da tafin hannu ba, har buroshin da ke kai ya faɗi ƙasa. Hawayen da ta hana fitowa tun jiya suka ɓalle, amma muryarta ba ta karye ba. Ta gaya masa ko kan wane ne. Ta gaya masa shekara nawa aka yi ana jingina a wurin, da addu'o'in da aka yi mata a wurin tun ba ta iya magana ba, da asubar da aka ɗago Umma daga wurin. Ta ce ita ba ta da hoton mahaifiyarta mai kyau ko guda, domin Umma ba ta son tsayawa gaban mai hoto. Wannan tabo shi ne kaɗai abin da jikin Umma ya bari a duniya, kuma duk ranar da abin duniya ya ishe ta, nan take zuwa ta ɗora goshinta.

"Launin kowa ma zai iya haɗa shi in ya yi haƙuri, ga shi ka nuna. Abin da ba a haɗawa shi ka kira datti."

Mai Fenti ya zauna a kan gwangwani. Ya dubi hannuwansa, har yanzu akwai shunayya a gindin farcensa. Da ya ɗago, shi ma akwai fushi a idonsa.

Ya ce shekara biyu tana ba shi labarin launi, ko sau ɗaya ba ta taɓa ambata tabo ba. Ya ce Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa yana wanke wurin da sabulu, har ta ce masa ya dage, wurin ya daɗe yana damun mutanen gida. Ya ce shi mai fenti ne, tun yana ɗan shekara goma sha biyu aka koya masa cewa duk duhun da ke jikin bango abokin gaba ne. Da wane ido ake so ya gane?

"Da bakin tambaya," in ji Auta. "Kana da lambata. Amma ka fi son ka burge mahaifina da ka tambaye ni."

Bai musa ba. Wannan ya ƙara mata haushi, domin ta zo ne da shirin a yi musu.

Ta gaya masa hukuncin Baba da maganar Juma'ar sama. Ta gyara mayafinta za ta fita, sai ya ce ta tsaya, akwai abin da bai faɗa ba, kuma da ya so ya mutu ba wanda ya ji shi.

Ya ce wurin ya ƙi karɓar fenti. Ya wanke sau uku, maiƙon ya riga ya shiga cikin simintin. Ƙa'idar aiki ita ce a fara shafa wani fenti mai kauri da ke toshe maiƙo, a bar shi ya kwana, sannan a ɗora launi. Shi kuma lokaci ya ƙure masa a kan haɗa launin, ga su Baba suna hanya, sai ya tsallake wannan mataki ya lafta shafi uku a kai don ya rufe ido. Tun da ya fara sana'a bai taɓa yin irin wannan ba. Ya yi niyyar ya nemi hanyar dawowa a ɓoye ya gyara kafin asiri ya tonu.

"Wane asiri?"

"Maiƙo ba ya zama a ƙarƙashin fentin ruwa, Malama. Yana ɓullowa. Wataƙila mako ɗaya, wataƙila wata ɗaya. Ban yi miki alkawari ba, don na wanke shi sosai. Amma in da saura, zai fito."

Auta ta tsaya riƙe da ƙofar shagon. Wani abu mai kama da fata ya taso mata, nan take fushi ya danne shi, domin ta ga ramin da suka faɗa. Idan tabon bai dawo ba, shi ne mutumin da ya shafe Umma. Idan ya dawo, shi ne mai ha'incin da Baba ya ce zai gane daga aikinsa.

Ta ce masa ya rufe bakinsa, kada Baba ya ji. Ya ce a'a, ya riga ya yi ɓoyo sau ɗaya, ga inda ya kai shi. Ta ce to ya yi abin da ya ga dama, tunda dama ba ya shawara da kowa. Ta fita ba sallama.

Da la'asar Mai Fenti ya zo ƙofar gida, Baba ya ƙi fitowa. Ya dawo washegari, aka ce masa mai gida yana hutawa. A karo na uku ya bar takarda a cikin ambulan. Baba ya ajiye ta a kan teburin falo ƙarƙashin gidan tabarau, bai buɗe ba, bai kuma yaga ba, domin tsohon magatakarda ba ya yaga takardar da bai karanta ba.

Kwanakin suka yi wa Auta nauyi. Ba ta ɗaga kiran Mai Fenti. A makaranta ta kulle duk wani fenti mai ruwan shunayya a durowa ta ce ya ƙare. Kullum bayan sallar asuba takan shiga ɗakin Umma ta buɗe taga ta dubi bangon, bangon kuma ya dube ta, santsi kamar ba a taɓa rayuwa a jikinsa ba. A sujada takan roƙi Allah ya zaɓa mata abin da ya fi alheri, sannan ta roƙe shi ya yayyafa wa zuciyarta ruwa, domin ta lura fushin ya fara bin ta har kan sallaya.

Sau ɗaya ta tare Gwaggo a kicin ta tambaye ta, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, ko ta manta kan wane ne yake jingina a wurin. Gwaggo ta ci gaba da yanka albasa. Ta ce ita ba ta riƙe buroshi ba. Ta ce wata rana Auta za ta gode mata, ranar da take zaune a gidan da babu warin fenti da tinar wanke buroshi, kuma so ba ya sayen maganin zazzaɓi. Auta ta ce Allah ya saka wa kowa da niyyarsa. Gwaggo ta ce amin da ƙarfi, amma wuƙar ta ɗan tsaya a hannunta.

Ranar Juma'a tun hantsi Gwaggo ta tayar da gidan da shara da goge-goge. Kujerun falo ba za su ishi baƙi ba, sai ta tuna akwai biyu a ɗakin marigayiya. Auta tana ɗakinta, zaune da kayan da aka ce ta sa a kan cinya, ta ji muryar Gwaggo ta cika baranda cike da nasara.

"Yaya, zo ka ga aikin ɗan buroshinku. Ko kwana goma ba a yi ba fentin ya fara lalacewa. Wannan ne mai gaskiyar?"

Auta ta riga Baba isa. Gwaggo ta yaye labule gaba ɗaya, rana ta faɗo a kan bangon. Kusa da taga, daidai tsayin kan mai zama, wata inuwa ta ɓullo cikin shunayyar, mai rauni kamar numfashi a jikin madubi, faɗinta tafin hannu biyu. Ta ɗan karkata hagu, yadda Umma take karkatar da kai idan carbi ya kusa ƙarewa.

Gwaggo ta buɗe baki za ta ƙara, sai ta dubi fuskar yayanta da ya shigo, ta dubi bangon, ta ja gefe.

Baba ya durƙusa da ƙyar, gwiwarsa na ƙara. Ya kai hannu, bai taɓa ba, ya bar shi a iska kusa da wurin. Auta ba ta taɓa ganin kafaɗunsa suna rawa ba sai ranar. Ta fita ta ɗauko ambulan daga falo ta miƙa masa tare da tabarau, ko da yake har yanzu ba ta huce da kowa ba.

Ya karanta a durƙushe. Layi huɗu ne, da kwanan watan makon jiya. Mai Fenti ya rubuta cewa ya shiga ɗakin da ba a aike shi ba, ya shafe abin da bai san darajarsa ba, kuma ya tsallake matakin aiki ya ɓoye. Ya ce laifi na ƙarshen babu wanda ya gani, shi ya sa ya rubuta.

A waje aka ji tsayuwar mota, sannan ta biyu, sannan sallamar dattawa a bakin ƙofa. Gwaggo ta ce a hankali, baƙi sun iso.

Baba ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihun gaba. Ya ce a shigar da su falo a ba su ruwa, baƙo ba ya da laifi. Sannan ya dubi Auta, idonsa jajir, muryar kotun ta tafi.

"A kira min yaron nan. Yanzu."

"Ya zo ya gyara?" in ji Gwaggo.

Baba ya mayar da idonsa kan bangon.

"A gaya masa ya zo da hannunsa kawai. In na ga buroshi a tare da shi, ba zai wuce baranda ba."